Sanitaiza na ƙona mini hannu, in koma sabulu?

"Assalamu alaikum Anti. Ni ungozoma ce a ɗakin haihuwa na wani babban asibiti, shekarata biyu da fara aiki. Tun da hunturu ya shigo bayan hannuna ya yi kaushi, tsakanin yatsuna ya tsattsage, wani wurin har jini yake yi. Da na shafa sanitaiza sai in ji kamar an zuba mini barkono. Yanzu na daina, na koma wanke hannu da sabulu kawai, amma abin sai ƙaruwa yake yi. Wata abokiyar aikina ta ce ai sanitaiza ba ya kashe komai, sabulu ya fi shi, kuma ma giya ce a ciki. Don Allah wanne ya fi kashe ƙwayoyin cuta, kuma wanne ne ba zai lalata mini hannu ba?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da aiki, Allah ya ba ki lafiya. Tambayarki ta rabu gida biyu, wato wanne ya fi kashe ƙwayoyi da wanne fata ta fi jurewa, amma a wurinmu masu kula da daƙile yaɗuwar cuta a asibiti magana ɗaya ce. Maganin da ya fi kowanne ƙarfi, idan yana ƙona hannu, ma'aikaciya za ta riƙa kauce masa, kuma wanda aka kauce wa bai kare kowa ba. Bari in fara ba ki amsar a gajarce kafin in warware ta: a hannun da ba a ga datti a kansa ba, sanitaiza mai alkohol na ƙwarai ya fi sabulu kashe ƙwayoyi, kuma ya fi sabulu sauƙi ga fata. Zafin da kike ji gaskiya ne, sai dai alamu sun fi nuna cewa ba shi ya fasa miki fatar ba, tarar da ita ya yi a fashe.

Wannan matsala ta girme mu duka, kuma a ɗakin haihuwa irin naki ta fara. A 1847, a babban asibitin Biyenna na ƙasar Ostiriya, wani likita mai suna Ignaz Semmelweis ya lura cewa masu jego sun fi mutuwa da zazzaɓi a ɓangaren da ɗaliban likitanci ke karɓar haihuwa, su da suke fitowa daga ɗakin binciken gawa su shiga duba mata. Ya tilasta kowa ya wanke hannu da ruwan kulorin. A watan Afrilu na shekarar, kafin a fara wankin, mata kusan 18 cikin 100 suka mutu a ɓangaren, zuwa Yuni adadin ya sauko kusan 2. Duk da haka abokan aikinsa sun yi ta ƙorafi, kuma cikin abin da suke kuka da shi har da cewa ruwan yana cin hannu. Kin ga tun ran farko aikin magani da lafiyar fata suke tafiya tare.

Wanne ya fi kashe ƙwayoyi

Sabulu na yau da kullum ba kisa ne babban aikinsa ba. Yana kwance maiƙo da datti, ruwa ya tafi da su tare da ƙwayoyin da ke manne. Shi kuwa alkohol dafa furotin ɗin ƙwayar yake yi, kamar yadda farin ƙwai ke daskarewa a wuta, ya kuma narkar da fatar da ta lulluɓe ta. A gwajin da ake yi, ana shafa wa hannun masu sa kai bakteriya da gangan, a tsaftace, sannan a ƙirga abin da ya rage. Idan an fara da ƙwayoyi 10,000, wanki da sabulu na daƙiƙa 30 kan bar gommai, wani lokaci sama da 100. Alkohol a daidai wannan lokacin kan bar ƙasa da 10.

Amma da sharaɗi. Ya fi aiki idan ƙarfin alkohol ɗin yana tsakanin kashi 60 zuwa 80 cikin 100. Wanda ya yi ƙasa da haka ba ya aiki yadda ake so, wanda kuma babu ruwa a cikinsa sam shi ma aikinsa ya ragu, domin sai da ruwa furotin ke dahuwa. Dole ki zuba abin da zai cika kwarmin tafinki, wajen mililita 3, ki murza ko'ina har kan yatsu da babban yatsa, ki ci gaba har ya bushe da kansa, daƙiƙa 20 zuwa 30. Idan ya bushe cikin daƙiƙa 10, kin zuba kaɗan. Na sha ganin ma'aikaci ya ɗiga ɗigo biyu, ya tafa hannu sau uku, ya goge a jikin riga. Wannan bai yi komai ba, kuma irinsa ne ke sa a ce sanitaiza ba ya aiki.

Akwai kuma maganar lokaci, wadda ke da kanki kin fi ni sanin ta. Wankin hannu cikakke daƙiƙa 40 zuwa 60 yake ci, ban da tafiya wurin famfo, in ma famfon na kawo ruwa. A wurare da yawa bokiti ne da buta, da sabulu guda da ya jiƙe a cikin ruwansa, da tawul ɗaya da kowa ke goge hannu tun safe. Matar da ke tsakanin masu naƙuda uku ba za ta je can duk lokacin da ya kamata ba, komai tsoron Allahnta. Abin da Didier Pittet da abokan aikinsa suka nuna ke nan a asibitin jami'ar Janeba: da suka sa kwalbar alkohol a aljihun ma'aikata da gefen gado, tsaftace hannu a lokacin da ya dace ya tashi daga kashi 48 a 1994 zuwa 66 a 1997, cututtukan da ake ɗauka a asibitin kuma suka sauko daga kashi 16.9 zuwa 9.9. A kan wannan aiki Hukumar Lafiya ta Duniya ta gina ƙa'idojinta na 2009. An gwada tsarin a nan yammacin Afirka ma, a asibitin Point G na Bamako, inda suka riƙa haɗa maganin da kansu, kuma bin ƙa'idar ya tashi daga kashi 8 zuwa kusan 22.

Abokiyar aikinki tana da gaskiya a wuri ɗaya, kuma wurin ya shafi aikinki sosai. Alkohol ba ya wanke datti. Idan jini ya taɓa hannunki, ko ruwan faya, ko kashin jariri, ko kin fito daga banɗaki, sabulu da ruwa ne dole. Haka kuma akwai ƙwayoyin da alkohol ba ya iya musu. Clostridioides difficile, mai sa gudawa bayan an daɗe ana shan maganin kashe bakteriya, tana shiga wani ƙoƙo mai tauri da alkohol ba ya fasawa, sai dai a wanke ta ta bi ruwa. Wasu bairos masu sa amai da gudawa su ma suna da taurin kai a kansa. Saboda haka a ɗakin masu gudawa muna cewa a sa safar hannu, a cire, a wanke da sabulu. Su kuwa bairos masu rigar maiƙo, irin na zazzaɓin Lassa, Ebola, korona, ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B, alkohol na gamawa da su nan da nan.

Me ya fasa miki fata

A nan nake so ki tsaya ki saurare ni da kyau, domin a nan yawancin ma'aikata ke ɓata hanya. Saman fatarmu kamar katangar tubali take. Matattun ƙwayoyin fata su ne tubalan, wani siririn maiƙo kuma shi ne lakar da ta haɗa su. Wannan katanga ce ke hana ruwan jiki fita, ta hana abin waje shiga. Duk wankin da kika yi da sabulu yana kwashe kaɗan daga lakar nan ya bi ruwa da ita. Jiki na mayarwa, amma a hankali, ba zai iya cim ma wanki talatin a yini ba. Ga shi fata na son ɗan tsami-tsami, a ma'aunin tsami da ake kira pH tana wajen 5, sabulun sanda kuwa, har da sabulun salo da muke yabo, yana wajen 9 zuwa 10, irin ɓangaren toka da kanwa. Ruwan kansa ma ba ya barin ta: ta jiƙe ta kumbura, ta bushe ta tsuke, sau da yawa a rana, kamar ƙasar fadama da ke dararrashewa bayan ruwa ya janye. Sai hunturu ya zo da busasshiyar iskarsa ya zuƙe ɗan abin da ya rage. Ki ƙara da ruwan zafin da muke so da asuba, da wanke-wanke da wankin gida da omo, da gumin da ke taruwa cikin safar hannu.

Alkohol shi ma yana narkar da maiƙon, amma tunda ba a ɗauraye shi, idan ya bushe maiƙon na nan inda yake. Na ƙwarai kuma akwai gilisarin a cikinsa mai riƙe danshi. An gwada wannan a kan ma'aikatan jinya a Amurka, John Boyce da abokan aikinsa suka wallafa a 2000: lokacin da suke amfani da sabulu da ruwa fatarsu ta ƙara bushewa da tsagewa, lokacin da suka koma alkohol mai man laushi ba ta ƙara lalacewa ba. Kuma ba ke kaɗai ba ce, a wani bincike na can ma'aikaciyar jinya ɗaya cikin huɗu tana fama da irin wannan ciwon hannu.

To me ya sa yake zafi? Kalmar barkono da kika yi amfani da ita daidai take fiye da yadda kike zato. A jijiyoyin da ke ƙarƙashin fata akwai wata ƙofa da ke buɗewa idan zafi ya kai wajen digiri 42, kuma ita ce dai barkono ke taɓawa. Alkohol yana sauko da wannan ma'auni zuwa wajen digiri 34, ƙasa da ɗumin jikinki, sai jijiyar ta kai rahoton ƙuna alhali babu wuta. Lafiyayyiyar fata ba ta barin sa ya kai ga jijiyar. Tsagaggiya ce ke buɗe masa hanya. Daga nan sai ma'aikaciya ta ce sanitaiza ya ƙona ta, ta koma sabulu wanda ba ya zafi nan take, shi kuwa ya ci gaba da kwashe lakar. An gudu ba a tsira ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne fatar da ta tsage ta fi tara ƙwayoyi irin su Staphylococcus aureus, kuma ta fi wuyar tsaftacewa, ga ki kuma kina aiki cikin jini.

Ba na manta wata yarinya ma'aikaciya da aka kawo mana ɗakin yara, sabuwar fita daga makaranta. Na lura kullum tana ɓoye hannunta a aljihu. Ranar da na ce ta miƙo mini, bayan hannun ya yi fari fat kamar an barbaɗa gari, gaɓoɓin yatsun sun yi baƙi sun tsage, ta naɗe biyu da filasta. Na tsaya na kalli yadda take aiki na awa guda ban ce komai ba. Sabulu ya ƙare a ɗakin, sai aka zuba garin omo a murfin roba kusa da bokiti, da shi take wanki. Tana gamawa sai ta bi da sanitaiza a kan jiƙaƙƙen hannu don ta ƙara tabbatarwa, sannan ta tura hannun cikin safa mai hoda tun bai bushe ba. Ƙoƙarinta ne ya yi mata illa. Muka ɗauke omon, muka samo sabulun ruwa mai laushi, na ce ta yi haƙuri da zafin sanitaiza na 'yan kwanaki, kada ta wanke da ruwa sai in ta ga datti. Satin farko tana shafawa tana cije leɓe. Kafin sati na uku ya ƙare ita da kanta ta zo ta buɗe mini hannun.

Ba kowace kwalba ce sanitaiza ba

Duk abin da na faɗa ya rataya ne a kan ingancin abin da ke cikin kwalbar. Tun lokacin korona a 2020 kasuwa ta cika da kala-kala, wasu sai ƙamshi da yauƙi. Akwai wani na ruwa da aka taɓa kawo mana a jarka, mai harhaɗa magungunanmu ya tsoma ma'aunin alkohol a ciki, ko kusa da 60 bai je ba, muka mayar. A 2020 ɗin ce hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi ta gargaɗi kan waɗanda aka samu da metanol a ciki, guba ce mai makantarwa. Don haka ma kada a ɗauki sifirit ɗin da ake goge wurin allura a mayar da shi na shafa hannu yini guda: ba shi da man laushi, kuma wani akan gauraya shi da metanol. Ki juya kwalbar ki karanta. Ki nemi sunan nau'in alkohol ɗin, itanol ko aisofurofil, da kashinsa a rubuce, da gilisarin, da lambar NAFDAC. Mai turare da launi ki bar shi, domin idan aka samu wanda jikinsa ke ƙin sanitaiza da gaske, galibi turaren ne ko wani abin da aka ƙara, alkohol ɗin kansa da wuya ya jawo haka.

Idan asibitinku na da sashen harhaɗa magunguna, za su iya haɗa na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ya fi araha. A lita 10, ana zuba mililita 8,333 na itanol mai ƙarfin kashi 96, da mililita 417 na haidirojin farokzayid mai kashi 3, da mililita 145 na gilisarin, a cike da tataccen ruwa ko tafasasshe da ya huce. Sai a rufe a ajiye awa 72 kafin a raba. Farokzayid ɗin don tsaftace ruwan maganin da kwalbar aka sa shi, ba don hannu ba. Ƙorafin da ake yi da wannan haɗi a ƙasashe masu zafi shi ne danƙo, kuma wani bincike da aka yi a Barazil a 2019 ya nuna rage gilisarin zuwa kashi 0.5 ya fi yi wa fatar ma'aikatansu daɗi. A ganina mu da muke da damina mai gumi da hunturu mai bushewa, kada mu yanke hukunci daga ofis. Kafin mu sayi sabon kaya da yawa nakan raba wa ma'aikatan ɗaki ɗaya su yi wata guda da shi, in duba hannuwansu a farko da ƙarshe, in ji ta bakinsu. A kula kuma, yana kama wuta. Kada a ajiye jarkar kusa da janareta, kada a kusanci fitilar ƙwai ko kyandir da hannun da bai bushe ba in an ɗauke wuta. Kwalbar da ta yi rabi kuma ba a ƙara mata a kai, a bari ta ƙare a wanke ta bushe.

Tsohuwar al'adar nan ta ajiye kwano da ruwan magani kowa ya zo ya tsoma hannu, don Allah in kuna yi ku bari. Ruwan bilicin da aka yi ta amfani da shi lokacin Ebola a 2014, dabarar wucin gadi ce inda babu wani abin, yana cin fata. Sabulu mai maganin kashe ƙwayoyi, wato mai kulohekzidin da mai aidin, suna da wurinsu a shirin shiga tiyata, amma a wankin yau da kullum sun fi sabulu mai laushi wahalar da hannu, mai aidin ya fi tsanani.

Maganar giya kuwa, ni ba malama ba ce, ba zan ba ki fatawa ba. Abin da zan iya shaida miki shi ne majalisar malaman fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami, a zamanta na Makka a 2002, ta halatta amfani da alkohol a bayan fata don tsaftace rauni da kashe ƙwayoyin cuta, kuma asibitocin Saudiyya da shi suke aiki. Abin da ke ratsa fata ya shiga jini kaɗan ne ƙwarai, ba ya kusa da sa maye. In zuciyarki ba ta kwanta ba ki kai wa malamin da kika yarda da shi wannan bayani.

Abin da za ki yi daga gobe

Ki fara da nuna wa shugabar ɗakinku hannun. Wurin da ke jini ki rufe shi da filastar da ruwa ba ya ratsawa kafin ki sa safa, in kuwa fatar na tsattsafo da ruwa ko ta yi ƙuraje masu mugunya, bai kamata ki karɓi haihuwa ba sai ta kame, don lafiyarki da ta jariran. In ba ki kammala allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B ba, ki kammala.

Sannan ki rage wanki, ki bar shi ga lokutan da na ambata, sauran ki shafa. Kada ki haɗa biyun a jere. In kin wanke, ruwan ya zama mai sanyi ko ɗan ɗumi, ki ɗauraye sabulun tas, ki dangwale ruwan da tsabtataccen abu ba tare da gurzawa ba. Safa sai hannu ya bushe ƙarau, kuma ki cire ta da zarar kin gama abin da ya sa kika saka. In akwai marar hoda ki zaɓe ta, Amurka ma ta hana mai hoda tun 2017. Zobe da warwaro ki ajiye su a gida, ƙarƙashin zobe ne sabulu ke maƙalewa ciwo ya fara. Ki riƙe ɗan man shafawa marar turare a aljihu, ki shafa lokacin hutu, bayan alwala, da in kin tashi aiki. Basilin da man kaɗe suna da kyau ƙwarai, amma ki bar su sai dare, domin mai irin wannan yana raunana safar roba ta lateks har ta ɓule. Da dare ki shafa da kauri ki zura hannun cikin safar auduga ki kwanta. A gida kuma ki sa safar roba mai kauri in za ki taɓa omo, ko ki samu mai kama miki wanki na sati biyu. Baƙin lallen kanti mai rini ki ɗaga masa ƙafa, yana cikin abubuwan da ke tayar da ƙaiƙayi mai tsanani.

Daga nesa nake magana, ban ga hannunki ba, kuma ni ba likitar fata ba ce. Abin da kika kwatanta ya yi kama da lalacewar fata ta yawan wanki, wadda ita ce ta fi yawa. Amma idan akwai ƙananan ƙuraje masu ruwa da ƙaiƙayin da ke hana barci, ko abin ya haura zuwa damtse da fuska, wataƙila jikinki ne ke ƙin wani abu, kuma likitan fata na da gwajin da ake manna abubuwa a baya a gano ko mene ne. Idan hannun na kumbura ya yi borin jini mintuna kaɗan bayan sa safa, ko kina atishawa numfashi na sarƙewa, wannan lateks ne ake zargi, kada ki jira, ki ga likita a ranar a canza miki zuwa safar naitiril, wadda ba ta da lateks. Idan tsakanin yatsun ya yi fari ya jiƙe kamar dafaffe, yana iya zama fangas, maganinsa daban. Ina roƙonki kada ki je kemis ki sayi man nan mai haɗi uku ki yi ta shafawa. Zai kwantar da abin kwana biyu, amma in aka daɗe a kansa fatar sirancewa take yi ta fi saurin tsagewa. In ana bukatar irin wannan magani, likita zai rubuta miki wanda ya dace na 'yan kwanaki.

Ki gwada abin da na faɗa na sati biyu zuwa uku. Kwanakin farko zai yi zafi, ki daure. In zafin bai fara raguwa ba bayan sati biyu, ki je asibitin fata da kwalbar sanitaizan da kwalin safar da kuke amfani da su a hannunki, likitan zai so ya karanta abin da ke jikinsu. Ki sake rubuto mini in ji yadda ake ciki. Allah ya ƙara sauƙi.